Mai Tsare Maƙogwaro

Ba a sauka a tsibirin Mora, tsalle ake yi. Kwale-kwale yakan matso gindin falalen dutse, igiyar ruwa ta ɗaga shi, mutum ya daka tsalle a daidai lokacin da bakin jirgin ya yi kai ɗaya da dutsen. Wanda ya yi nawa, jirgi da dutse su haɗu da ƙafarsa a tsakani.

Dionisio Techera yana tsaye a bayan mahaifinsa, ya miƙa hannu kamar mai neman abin dafawa, alhali ɗamarar tsohon yake hari. Don Telmo shi ne shugaban masu farautar karnukan teku a wannan tsibiri tun Dionisio bai yi wayo ba, kuma a al'adarsu shugaba ne ke fara taka dutse. Tsohon bai ko dubi dutsen ba. Karkatar da kai ya yi yana sauraro, da ruwa ya yi wani gurnani a ƙarƙashin jirgi sai ya tashi sama. Ya dira da ƙafa biyu, amma a can gefe inda gansakuka ta yi kore. Ƙafar hagu ta zame, ya dafa ƙasa, ya miƙe yana dariya.

"Dutsen nan ya ƙara santsi bana."

"Ko dai ƙafar ce ta ƙara shekaru, Don Telmo," in ji Braulio Veiga daga bayan jirgi.

Braulio ƙato ne mai wuya kamar na bijimi, kuma in aka ɗauke tsoho babu mai iya kulki kamarsa. Mutane suka yi dariya. Dionisio bai yi ba. Maganar mahaifiyarsa Casilda ce ta dawo masa, wadda ta yi ana gobe za su taso, tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɗinke musu takalman aiki. Da tsumman ulu ake yin takalman nan, don su kama dutse mai santsi, kuma kada su yi ƙara.

"Jiya babanka ya gaida turken doki," ta ce, idonta a kan allura. "Har da cire hula. Yanar ido ta gama rufe shi, Nisio, inuwa kawai yake gani, ya kuma rantsar da ni kada in faɗa wa kowa. Ni ban ce ka kawo min fata ba, ban ce ka kawo min mai ba. Ka dawo min da shi da ransa."

Mora ba wani babban wuri ba ne. Mai ƙarfin ƙafa zai kewaye shi tsakanin karin kumallo da hantsi. Dunƙulen jan dutse ne guda, mai ƙwayoyi masu ƙyalli, wanda ruwa ya goge har ya zama kamar bayan dabba a kwance. A tsakiya akwai ɗan fili mai ciyawa, inda zomaye ke rami. Kakannin zomayen nan daga wani jirgin Turawa suka fito, wanda ya fashe a kan duwatsun gabas tun zamanin sarakunan Spaniya. Matuƙan da suka tsira sun rayu da ƙwan tsuntsaye har aka zo ɗaukarsu, waɗanda ba su tsira ba suna ƙarƙashin wani gicciyen ƙarfe a kan tudu. Babu rijiya, babu itace, babu wanda ya taɓa zama. Abin da ɗan Adam ya bari a nan shi ne rumfar dutse ta kwanan mafarauta, da garken dutse da ake koro dabbobi ciki, da manyan tukwanen ƙarfe na narka kitse, waɗanda tsatsa ta cinye wa baki. Sauran tsibirin na masu shi ne: tsuntsayen teku da kashinsu ya mayar da kowane tsauni fari, da karnukan teku iri biyu, ƙanana masu laushin gashi da ake bida don fata, da manya masu geza kamar zaki, waɗanda namijinsu ɗaya ya fi maza huɗu nauyi.

Sai kuma Maƙogwaro. A can farkon duniya jan dutsen ya tsage daga tsakiyar tsibirin har teku, wani narkakken baƙin dutse ya taso daga ƙasa ya cika tsagar. Baƙin bai kai jan tauri ba, don haka teku ta yi ta lasarsa har ta cinye shi, ta bar wani dogon lungu mai zurfi da ke gangarowa daga filin ciyawa zuwa ruwa. A inda ya fi matsewa, mutum zai miƙa hannu biyu ya taɓa bango da bango. In aka kewaye dabbobi ta ko'ina, nan ce kaɗai ƙofar da ta rage musu, kuma nan ne shugaba ke tsayawa shi kaɗai. Yakan kwantar da na gaba da kulki, gawarwakinsu su toshe hanya, na baya su juya su nufi garke. Ba a shiga Maƙogwaro sai mai tsaronsa ya yi kira. Wurin ba ya ɗaukar kulki biyu, kuma wanda ke ciki dukan duk abin da ya motsa yake yi. Ranar da shugaba ya bar wa wani wurin nan, ranar ya daina zama shugaba.

Suka zauna jiran iskar kudu. Ita ce ke tayar da teku har dabbobin su gudu daga bakin ruwa su hau filin ciyawa. Kafin ta zo babu aiki sai wasa wuƙaƙe, da cin busasshen nama da gurasa mai tauri, da shan mate, wani shayin ganye da ake sha a ƙasar. Ƙoƙo ɗaya ne ke zagayawa, mai zuba ruwan zafi ya miƙa wa wannan, ya zuƙe ya mayar, a sake cikawa a miƙa wa na gaba.

Wata rana da azahar Braulio ya karɓi butar daga hannun Eustaquio mai dafa abinci, ya ce yau shi zai yi zubi. Don Telmo yana zaune a kan buhun gishiri yana ba da labarin shekarar da wasu manyan kifaye masu baƙi da fari, masu cin karnukan teku, suka kewaye tsibirin, karnukan teku suka ƙi shiga ruwa. Da zagaye ya zo kansa, Braulio bai ce masa karɓi ba kamar yadda kowa ke yi. Ya miƙa ƙoƙon shiru, ya riƙe shi a gaban fuskar tsohon, ɗan gefe kaɗan. Don Telmo ya ci gaba da labarinsa. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka daina tauna. Can ƙanshin ganyen ya kai wa tsohon hanci, ya kai hannu. Braulio ya janye ƙoƙon kamar taƙi guda. Yatsun Don Telmo suka damƙi iska.

"Ashe zomo ma ya fi wani gani," in ji Braulio, a hankali.

Dionisio bai san lokacin da ya tashi ba. Ƙafa ya sa ya shure ƙoƙon, ruwan zafi ya watsu a ƙirjin Braulio, kafin ƙaton ya miƙe ya kai masa karo da goshi a hanci. Aka ji ƙas, jini ya ɓalle. Braulio bai ja da baya ba. Ya rungumo shi ta ƙugu, ya ɗaga shi sama, ya maka shi a kan tarin buhuna har ɗaya ya fashe. Ya danne shi da gwiwa, ya cusa masa fuska cikin gishiri, yana kirɓarsa a haƙarƙari. Dionisio ya ji gishiri a ido da maƙoshi. Ya lalubo kunnen Braulio ya murɗe har ya ji fatar ta tsage, ya juyo ya sakar masa gwiwar hannu a baki. Haƙori ya faɗo a ƙasa. Suka yi ta birgima tsakanin ƙafafun mutane, ba mai rabo, don kowa ya san ba a kan ƙoƙo ake faɗan ba. Hannun Braulio ya fara laluben wuƙar fiɗa a ƙugunsa.

Sai wani abu ya sauka tsakanin kawunansu, ya tarwatsa akwatin katakon da ke wurin. Kulkin Don Telmo ne, mai ƙarfe a kai. Tsakanin kan kulkin da kunnen kowannensu bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Ƙoƙo ba ya numfashi, shi ya sa ya kuɓuce min," in ji tsohon. "Ku kuwa kuna yi. Braulio, mayar da wuƙar nan, na ji fitarta. Eustaquio, ɗora wani ruwan."

Braulio ya tashi yana tofar da jini. "Ba raina ka na yi ba, Don Telmo. Kai ka koya min riƙon kulki. Amma in ka faɗi a Maƙogwaro, wahalar shekara ta bi ruwa, mu koma gida mu ce wa 'ya'yanmu me? Mu ce su ci girman shugaba?"

"In na faɗi ka zo ka ɗauki kulkin. Kafin nan riƙe hancinka, yana ɗiga a kan gurasa."

Da la'asar Dionisio ya sami mahaifinsa a kan tudu, zaune a gindin gicciyen ƙarfe, fuskarsa ta kalli kudu. Ya zauna kusa da shi. Haƙarƙarinsa na zafi duk lokacin da ya ja numfashi.

"Baba, gaskiya mutumin nan ya faɗa."

"To don me ka fasa masa hanci?"

"Don ba a bakinsa ya kamata a ji ta ba."

Tsohon ya yi murmushi. "Uwarka ce ta aiko ka. Tun a jirgi na ji hannunka yana shawagi a bayana kamar na mai kama kaza."

"Ka ba ni wurin bana. Ko ka ba Braulio, ban damu ba. Ka tsaya a garke kana ba da umarni."

"In tsaya a garke kamar buhun gishiri, yara suna kewaye ni." Ya girgiza kai. "Nisio, Maƙogwaro ba ya bukatar ido. Ko mai ido, in suka taho ba ya ganin komai sai baƙi. Da kunne ake aikin nan, da hanci. Na san tafiyar mace, na san ta saurayi, na san numfashin mai geza tun yana nesa. Babana a can ya tsaya har ya yi furfura. Wannan shekarar kawai nake so, in fita da ƙafata, ba wai a janye ni don na kasa kama ƙoƙo ba."

"To bari in tsaya a bayanka."

Murmushin ya ɓace. "Kada ka kuskura. Ka san doka, ka kuma san dalilinta. Duk abin da ya motso kusa da ni a can, ba na tambayar sunansa."

Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. "Je ka ce wa Eustaquio ya kashe wuta. Iska ta juyo."

Iskar kudu ta kwana tana dukan tsibirin. Da gari ya waye teku ta yi fari fat, tana hawa kan falalen da suka sauka, kuma filin ciyawa ya koma baƙi da dabbobi, sun kwanta jiki da jiki suna gunaguni. Ba a hura wuta ba, ba wanda ya kunna taba. Mutanen suka tuɓe, kowa ya ɗebi tsohon man karen teku a tukunya ya shafe jiki da tufafi da gashin kai, don in iska ta yi wasa ta kai warinsu, dabba ta ji ɗan'uwanta ne. Suka ɗaura takalman ulu. Daga nan babu magana, sai nuni da hannu, har sai da'irar da za su yi wa dabbobin ta rufe, sannan Braulio ya yi ihun farko.

Don Telmo ne ya fara fita. Ya bi ta bakin ruwa, yana shafa bango da hannun hagu, ya shiga Maƙogwaro ta ƙasa. Sauran suka bazu a sunkuye, suna rarrafe a bayan duwatsu. Wurin da aka ba Dionisio yana can gaba, hanyarsa kuma ta bi ta kan leɓen Maƙogwaro. Da ya iso wurin ya kwanta rub da ciki ya leƙa.

Ga mahaifinsa can ƙasa a matsatsin, ya buɗe ƙafafu, kulki a kafaɗa, fuskarsa ta kalli sama inda garken zai ɓullo. Ruwa na shigowa lungun ta bayansa yana ruri yana komawa. Sai Dionisio ya hango wani abu. A bayan tsohon, a wani ɗan kogo da ruwa ya rarake a jikin baƙin dutse, wani tsohon mai geza ne a kwance. Irin waɗanda samari suka kora daga cikin mata, duk wuyansa tabon cizo. Launinsa da na dutsen ɗaya. Don Telmo ya wuce ta gabansa bai sani ba, rurin ruwa ya rufe numfashinsa, wari kuwa ko'ina wari ne. Da mai ido ne, da ya gan shi tun daga nesa ya kore shi cikin teku da jifa. Yanzu dabbar ta ɗaga kai, tana kallon bayan mutumin da ya tsaya mata a ƙofa.

Dionisio ya buɗe baki, ya sake rufewa. In ya yi ihu yanzu, da'ira ba ta rufe ba, garken duka zai zabura ya kwararo ta nan kafin tsohon ya gama juyawa, ya shiga tsakanin haƙora ta baya da ambaliya ta gaba. Ya ɗauki tsakuwa ya jefa kusa da ƙafar mahaifinsa. Ruri ya haɗiye ƙararta. Mai geza ya zamo daga kogon, ya dafa hannuwansa, ya fara jan jiki.

Dionisio ya san doka. Ya sa kulki a ɗamara, ya juya, ya fara gangara bangon. Takalman ulu suka kama dutse yadda aka yi su don su yi, ba ko motsi. Da ya rage tsayin mutum ya saki jiki ya dira tsakanin dabbar da mahaifinsa.

Karen teku a hanci ake dukansa, nan ne ƙashinsa ya fi taushi. Dionisio ya kai duka, amma wurin ya matse, kan kulkin ya goga bango ya sauka a kan geza, kamar an doki katifa. Dabbar ta buɗe baki, ya ga jajayen haƙora tsawon yatsa, ta kama shi a cinya. Ya ji haƙoran sun shiga sun gamu. Ta ɗaga shi, ta girgiza kamar yadda kare ke yi da tsumma, ta buga shi da bango. Duk iskar da ke ƙirjinsa ta fice. Da ragowar ƙarfinsa ya riƙe kulkin da hannu biyu kusa da kai, ya caka ƙarfen a idonta, ya sake cakawa. Ta sake shi da wata kururuwa, ta juya tana jan jiki zuwa ruwa, jini na bin bayanta.

Ya miƙe a kan gwiwa ɗaya, ya juya wajen mahaifinsa. Yana so ya ce Baba, amma babu iskar da zai faɗa da ita. Abin da ya fito daga maƙoshinsa wani gurnani ne.

Don Telmo ya riga ya juyo. Ya ji kururuwa a bayansa, ya ji wani abu mai nauyi yana jan jiki a ƙasa, mai warin mai da jini, yana gurnani daidai tsayin da kan dabba ke kaiwa. Idanunsa farare a buɗe, ba su ga komai ba sai baƙin abu. Dionisio ya ga kulkin ya tashi. Abin da ya iya yi shi ne kawar da kai. Ƙarfen ya goge masa kunne ya sauka a kan kafaɗar dama. Ya ji ƙashin ya farfashe a ciki kamar an taka busasshen kara. Ya faɗi rigingine.

Tsohon ya matso don duka na biyu, wanda ke ƙarasawa. Kamar yadda ya saba, ya fara sa ƙafa ya taɓa abin da ya kayar don ya san inda kai yake. Ƙafarsa ta taɓa wata ƙafa. Ya tsaya, kulki a sama. Ya sunkuya ya shafa da hannu. Ulu ne, da ɗinki mai gicciye biyu a dunduniya, irin wanda mace ɗaya ce ke yinsa a duk gaɓar nan. Hannun ya haura da sauri, ya bi ta cinya mai jini, ya bi ƙirji, ya isa fuska.

"Nisio," ya ce. "Ban hana ka ba?"

A daidai nan ihun Braulio ya tashi daga sama, sauran suka amsa. Ƙasa ta fara rawa. Dionisio ya ji tahowarsu ta cikin dutsen da ke bayansa, kamar an saki kogi. Ya ga mahaifinsa ya ɗaga kai wajen ƙarar. Taki uku ne tsakaninsa da matsatsin. In ya koma yanzu zai iya tare na gaba, ya toshe ƙofa. Amma na farko kullum sukan kutsa su wuce kafin gawa ta taru, kuma duk wanda ya wuce, ta kan mutumin da ke kwance zai bi.

Don Telmo ya jefar da kulkin. Ya ja ɗansa zuwa gindin bango, ya kwanta a kansa, ya rufe masa kai da hannuwa, ya cusa ƙafafunsa a wata tsaga don kada a ja su.

Suka iso. Dionisio bai ga komai ba sai rigar mahaifinsa, amma ya ji komai ta jikin tsohon. Kowace dabba da ta hau, nauyin yakan sauko har kan karyayyar kafaɗarsa. Ƙanana suna tsallakewa, manya suna murƙushewa, wasu suna kai cizo a guje. Ya ji haƙarƙarin tsohon ya karye a kan ƙirjinsa, ɗaya, sannan wani. Wani abu mai ɗumi ya zubo masa a wuya. Tsohon bai yi ƙara ba, sai wani ɗan nishi a duk lokacin da aka taka shi, kuma hannuwansa ba su saki ba. Lungun ya cika da haushi da wari da ƙarar jiki a kan jiƙaƙƙen dutse, har Dionisio ya daina sanin inda jikinsa ya ƙare na mahaifinsa ya fara. Sannan ƙarar ta koma ta faɗawa ruwa, ta yi ta raguwa, har ya rage sai rurin teku.

Braulio ne ya fara saukowa, yana zagi tun daga sama, don ya ga aikin shekara yana iyo a cikin kumfa. Sai ya ga abin da ke gindin bango. Bayan Don Telmo babu sauran riga, fatar ta yayyage, cizo ya cire tsoka a ɗuwawu da ƙafa. Braulio ya durƙusa ya kai kunne bakin tsohon.

"Yana numfashi," ya ce wa na sama. "Ku kawo ƙofar rumfa mu ɗauke su. Eustaquio, hau tudu ka tayar da hayaƙi, mutanen gida su turo jirgi."

Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsun tsohon daga kan ɗansa. A rumfa Eustaquio ya wanke raunukan da giyar rake, ya ɗinke cinyar Dionisio da zaren buhu, ya ɗaure ƙirjin Don Telmo da tsumma. Kafaɗar kuwa ya duba ya girgiza kai. Hannun yana lilo kamar ba na mai shi ba, kuma kowa a wurin ya san ba zai ƙara ɗaga kulki ba.

Da tsohon ya farfaɗo, Braulio ya zo ya tsuguna a gabansa da kulkin a hannu. Ya tsinto shi a bakin ruwa.

"Ga kayanka, Don Telmo."

"Na ce in na faɗi ka ɗauka. Ka ɗauka, to riƙe." Ya yi tari, ya runtse ido don zafi. "Akwai kogo a hannun dama in ka shigo ta ƙasa. Ka riƙa leƙawa."

"Zan riƙa leƙawa."

"Ina yaron?"

"Ga ni, Baba," in ji Dionisio daga ɗaya shimfiɗar.

"Da ka bar ni da mai gezan, da yanzu kana da hannu biyu."

"Da na koma gida na ce wa Mama me?"

Tsohon ya miƙa hannu yana lalube a tsakanin shimfiɗun, har ya sami hannun hagun ɗansa ya riƙe.

Sai da teku ta kwanta jirgi ya iya matsowa. Wannan karon ba su yi tsalle ba, da igiya aka saukar da su kamar buhuna. A gaɓa mata sun taru tun da suka ga hayaƙi, ba su san na wa ba ne. Casilda tana gaba, ruwa har idon sawunta. Don Telmo ya ce ba za a ɗauke shi a kan ƙofa a gaban matarsa ba. Aka tayar da shi tsaye. Dionisio ya shigar da kafaɗarsa mai lafiya a ƙarƙashin hammatar tsohon, shi yana ɗingishi, tsohon yana nishi, suka taka cikin ruwa a hankali.

Casilda ta dubi mijinta, ta dubi hannun ɗanta da aka ɗaure a ƙirji. Ta shiga ɗaya gefen ta tallafi tsohon.

"Akwai rami a gabanka, Baba," in ji Dionisio. "Ɗaga ƙafa."

Don Telmo ya ɗaga.